Auren Dole a Gidan Masu Hali: Labarin Consuelo Vanderbilt

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in ce wani abu game da auren dole, domin na lura duk lokacin da aka taso da maganar a jaridu da gidajen rediyo, misalin da ake kawowa ɗaya ne: ƙauye mai nisa, uba talaka wanda bai yi karatu ba, da yarinya 'yar talla da aka bayar don a rage bakin ci. Ban musa akwai wannan ba, kuma abin takaici ne. Amma auren dolen da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ake ƙullawa a gidajen da ba su san yunwa ba, inda ake bayar da 'ya don a haɗa dukiya da sarauta, a yi bikin da gari zai daɗe yana labarinsa, har a rasa mai tambayar ko amarya ta yarda. Zan kafa hujja da labarin wata Ba'amurkiya wadda a zamaninta tana cikin 'yan matan da suka fi kowa gata a duniya.

Sunanta Consuelo Vanderbilt. An haife ta a birnin Niyok a 1877, shekarar da kakan mahaifinta, Cornelius Vanderbilt, ya rasu ya bar dukiyar da ta kai dala miliyan 100, wadda ya tara daga harkar jiragen ruwa da jiragen ƙasa. Ɗansa ya ninka wannan dukiya cikin shekara takwas. Duk da haka tsofaffin gidajen Niyok ba su ɗauki zuriyar da daraja ba, suna ganinsu masu kuɗin jiya-jiya marasa asali, kuma wannan raini ya tsaya wa mahaifiyar Consuelo, Alva, a rai. A 1883 ta shirya wata gagarumar liyafa wadda ta tilasta wa manyan matan birnin suka buɗe mata ƙofa, amma hakan bai ishe ta ba. Amurka ƙasa ce da ba ta da sarautar gargajiya, saboda haka wanda ya tara kuɗi yana neman abin da zai rufe bakin masu yi masa gorin asali, sai ya waiwayi Turai.

A daidai wannan lokaci masu sarautar Ingila suna cikin wani hali. Arzikinsu na gona ne, daga kuɗin hayar da manoma ke biyansu. Tun daga shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwararowa daga filayen Amurka, jirgin ƙasa na kai ta bakin teku, jirgin ruwa na tsallakowa da ita, sai farashin hatsi ya karye a Ingila, kuɗin haya ya bi shi. A 1894 gwamnati ta ƙara musu da sabon harajin gado. Abin lura a nan shi ne, irin jiragen ƙasan da suka kwaso alkamar da ta karya su, su ne suka azurta attajiran da za su zo su cece su. Gidan Marlborough yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Fadarsu, Blenheim, da ke kusa da Oxford, kyauta ce da ƙasa ta yi wa kakansu John Churchill bayan nasarar da ya samu a yaƙin 1704, kuma girmanta ya fi ƙarfin aljihun zuriyarsa. Kakan Charles Spencer-Churchill, wanda zai zama mijin Consuelo, ya sayar da duwatsu masu daraja da littattafan gidan, ubansa ya sayar da zane-zane, ciki har da na Raphael, shahararren mai zane ɗan Italiya, wanda aka saya kan fam 70,000 a 1885. Da Charles Spencer-Churchill ya gaji sarautar a 1892 a matsayin Duke na tara, wato mataki mafi girma a sarautun Ingila in aka cire gidan sarki, ya tarar da suna mai nauyi da baitulmali marar komai.

Alva ta yi rainon 'yarta ne da burin aurar da ita ga irin waɗannan masu sarauta tun tana ƙarama. Consuelo da kanta ta ba da labari a tsufanta cewa lokacin karatu ana ɗaura mata wata sandar ƙarfe a gadon baya, da maɗauri a kugu da kafaɗa da goshi, don ta saba da zama a miƙe irin na matan fada, kuma in ta yi ƙaramin laifi bulalar doki ce hukuncinta. Ba ta zaɓar tufafinta, ba ta zaɓar ƙawayenta. Da ta tasa sai ta so wani saurayi ɗan Niyok mai suna Winthrop Rutherfurd, ɗan babban gida kuma mai rufin asiri, har suka yi alkawari a ɓoye. Da uwar ta gane, sai ta tsare ta a gidansu na Newport, aka hana ta fita ita kaɗai, ana tare wasiƙunta, masu gadi suna mayar da baƙinta. Ranar da yarinyar ta yi ƙarfin hali ta ce tana da ikon zaɓen mijinta, uwar ta ce za ta harbe saurayin, in ya so a rataye ta, alhakin ya hau kan 'yar. Washegari aka aiko mata wata aminiyar uwar da labarin cewa ciwon zuciya ya kama Alva, kuma in aka sake ɓata mata rai ana iya rasa ta. A nan Consuelo ta sauko. Alva kuwa ta rayu har 1933.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da shekarar 1895. A watan Maris Alva ta rabu da mijinta a kotu, abin da manyan mata ba su cika yi ba a wancan zamani, kuma ba a daɗe ba ta auri wanda ranta yake so. Wato a shekarar da ta kwance wa kanta igiyar auren da ba ta so, a shekarar ta ɗaura wa 'yarta. A ganina, surukuta da babban basarake ita ce garkuwar da ta nema daga tsegumin da sakin nata ya jawo.

An ɗaura auren ranar 6 ga Nuwamba, 1895, a cocin St. Thomas da ke Niyok, amarya tana da shekara 18, ango yana dab da cika 24. Jama'a sun cika tituna don kallo, jaridu sun yi makonni suna bayanin kayan amarya. Ita kuwa ta iso a makare, domin sai da aka jira kumburin idanunta ya sauka, kuma ta yi kuka a ƙarƙashin lulluɓinta. Lauyoyi sun riga sun kammala nasu aikin, an rubuta an sa hannu kamar cinikin fili: hannun jari 50,000 na wani kamfanin jirgin ƙasa mai suna Beech Creek, wanda darajarsa ta kai dala miliyan 2.5, da tabbacin ribar kashi 4 cikin 100, wato dala 100,000 duk shekara ga ango muddin ransa. Ba a gama hutun amarci ba ya shaida mata cewa shi ma akwai wadda yake so, ya haƙura da ita ne saboda Blenheim. Ya kamata a yi masa adalci a nan, domin shi ma nauyin gida ne ya danne shi, sai dai shi an biya shi ladan haƙurinsa.

Da ta isa Ingila, kakar mijin ta karɓe ta da maganar da kowace amaryar gidan sarauta a ƙasar nan za ta gane: aikinta na farko shi ne ta haifi ɗa namiji, don kada sarauta ta faɗa hannun ɗan ƙanin mahaifin mijin, wani matashi da tsohuwar take ganin ya cika rawar kai. Matashin nan shi ne Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Birtaniya, kuma shi ma mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce. Consuelo ta haifi maza biyu, a 1897 da 1898, ta sauke wannan nauyi. Kuɗin mahaifinta suka gyara fadar, aka sake cika ɗakin karatu da littattafai, aka gina musu wani katafaren gida a Landan. Amma ta bayyana yadda cin abincin dare yake tsakaninsu: su biyu a dogon tebur, barori sun jera abinci sun fita, shi ya ture faranti ya jingina da kujera yana juya zoben da ke ƙaramin yatsansa, ba ya ci ba ya magana, har abinci ya huce ya fara ƙorafin ya yi sanyi. Da shirun ya ishe ta sai ta fara zuwa da kayan saƙa. Ta kuma tarar da al'adar gidan ta tara ragowar abinci a gwangwani a kai wa talakawan ƙauye, nama da ganye da kayan zaƙi duk a cakuɗe, ita ce ta sa aka fara raba kowanne da gwangwaninsa. Ƙaramin abu ne, amma daga nan aka fara ganin inda hankalinta ya karkata.

Bari in ɗan ratse, domin mutanen nan ba su yi mana nisan da muke zato ba. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, kuma aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a sarautar Zazzau, mijin Consuelo ya zama ƙaramin minista a ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan, ya riƙe muƙamin har 1905, sannan Churchill ya gaje shi. Ke nan ma'aikatar da Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ke aika wa rahoton ƙasarmu, na biyu a cikinta mutum ne da rufin gidansa ya dogara da ribar jirgin ƙasan surukinsa.

A 1906 suka rabu da zama, amma ba a yi saki ba sai 1921. Shekara 15 ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, saboda dokar Ingila ta lokacin ta tsaurara saki, musamman in mace ce ke nema, kuma wadda aka saka ba ta da fuska a fada. A waɗannan shekaru ne ta zama mutum mai ra'ayin kanta. Ta buɗe gida ga matan da mazansu ke kurkuku inda suke wanki da ɗinki ana biyansu, ta shiga fafutukar kyautata albashin mata ma'aikata da lafiyar jarirai, ta kuma zama kansila a majalisar gundumar Landan tana wakiltar Southwark, unguwar talakawa. Da aka yi saki ta auri Jacques Balsan, Bafaranshe matuƙin jirgin sama daga gidan masu masaƙa, marar sarauta, suka zauna lafiya har ya rasu a 1956. Ita ta rasu a 1964 tana da shekara 87.

Abin da ya fi muhimmanci a labarin ya faru ne a 1926, lokacin da kotun cocin Katolika ta duba auren farko. Basaraken yana shirin shiga wannan ɗariƙa, dangin Balsan kuma mabiyanta ne, don haka ɓangarorin biyu suna bukatar hukuncin. Alva, wadda a lokacin ta zama jagora kuma mai ɗaukar nauyin masu neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a a Amurka, ta ba da shaida da bakinta cewa ita ta tilasta wa 'yarta, kuma tana da cikakken iko a kanta tun tana yarinya. Kotu ta yanke cewa auren bai ƙullu ba tun asali saboda babu yarda. An faɗi gaskiyar ne bayan shekara 31, bayan an haifi 'ya'ya sun girma, bayan ƙuruciya ta wuce.

Kada a ɗauka ina cewa duk auren da ya haɗa attajiri da basarake ɓatacce ne. A wannan shekara ta 1895 Mary Leiter, 'yar wani babban ɗan kasuwa na Chicago, ta auri George Curzon, wanda daga baya ya zama wakilin Sarauniya a Indiya. Shi ma kuɗin surukinsa sun ɗaga shi, amma ita ta so shi ta jira shi, kuma sun zauna cikin ƙauna har ta rasu a 1906. Kuɗi iri ɗaya, zamani ɗaya, sarauta a ɓangare ɗaya da dukiya a ɗayan. Abin da ya bambanta su shi ne an bar ɗaya ta zaɓa, ɗayar an zaɓa mata.

Malam Edita, Zariya gari ne na sarauta da malanta, inda asali yake da farashi ko da ba a faɗa, kuma gari ne da sababbin masu kuɗi suke ƙaruwa, daga kwangila da siyasa da kasuwa. Ba ni da wani gida a raina, amma duk mai zuwa ɗaurin aure a birni da Tudun Wada da Sabon Gari ya san irin haɗin da nake nufi. Wannan yana da rawani a gidansu amma rufin soro yana yoyo, wancan yana da motoci amma in an zauna zaure ana tambayar ɗan wane ne. Yarinyar da ke tsakiya ba 'yar talla ba ce, wataƙila ta gama digiri a Samaru ko Kongo, tana da waya da mota, shi ya sa ba wanda zai kira aurenta na dole. Ba a ɗaure ta da igiya ba, ba a doke ta ba. An dai kira ta ɗaki an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da ta yi gardama Hajiya ta kwanta, aka ce hawan jini ya tashi, gwaggo ta zo ta ce in wani abu ya sami uwarki ke ce sila. Da hakan bai isa ba aka ambaci nono da albarka. 'Yar Musulmi da aka yi wa tarbiyya ba ta da makamin da za ta tare wannan, domin an juya mata biyayyar da aka koya mata ta zama sarƙa. Dabarar Alva ke nan ba ragi ba ƙari, kuma iyaye mata sun fi iya ta, ko da yake shari'a ba ta ba su walicci ba.

Na san za a ce mazhabarmu ta Malikiyya ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan. Amma malamai sun bayyana cewa an ba shi wannan iko ne don maslahar 'yar, bisa zaton tausayin uba zai hana shi cutar da ita, kuma ikon yana faɗuwa in cutarwa ta bayyana. Ba a ba shi don ya gyara sunan gidansa ko ya ƙulla hulɗar kasuwa ba. Hadisi ingantacce ya ce a nemi izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta, sannan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam lokacin da mahaifinta ya aurar da ita, tana bazawara, ba da sonta ba. Shirun da hadisi yake nufi na kunya ne, na yarinyar da take so amma nauyin baki ya hana ta faɗa. Shirun wadda aka tsorata da tsinuwa wani abu ne dabam, kuma duk uwar da ta raini 'ya ta san bambancinsu.

Tsarin bikinmu ma yana taimakawa wajen ɓoye abin. A masallaci maza ne zalla: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a faɗi sadaki, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya, a raba goro da alawa a watse. A cikin ɗaruruwan da suka shaida, da wuya a sami mutum biyu da suka ji ta bakin amarya. A cikin gida kuwa tana kuka tun daren lalle, tsofaffi suna cewa kukan amarya ne, kowa ta yi shi. Al'ada ta tanadi kuka a wannan rana, saboda haka kukan ƙi yana shigewa cikin na rabuwa da gida ba a gane shi.

Ta fuskar dukiya muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa a Musulunci sadaki haƙƙin mace ne, miji ke bayarwa, ba kamar Turawan wancan zamani ba da uban amarya ke biyan ango. To amma a duba abin da ke faruwa a irin wannan haɗi. Sadaki kaɗan ne don neman albarka, sai uban amarya ya sayi gidan da za a zauna, ya cika shi da kayan ɗaki, ya kai gara da ba a taɓa gani ba, ya ba ango mota, ya sama masa aiki ko kwangila. In an tara lissafi, hannun jarin Beech Creek ne da wani suna. Namijin da aka yi wa haka ba safai yake yafe wa matar ba, domin kullum ganinta yana tuna masa wanda ya rufa masa asiri, ita kuma ba ta da damar yaji, saboda mutuncin manyan gidaje biyu yana rataye a wuyanta. 'Yar talaka in ta gaji tana iya zuwa gaban alƙali ta nemi khul'i a yi a gama. 'Yar babban gida sai ta shekara goma tana murmushi a hotunan biki.

Shawarata ga limamai da waliyyai ita ce, kafin ranar ɗaurin aure a tura amintattu biyu waɗanda ba su da wata riba a cikin haɗin, su keɓe da yarinyar ba a gaban uwarta ko gwaggonta ba, su tambaye ta sau ɗaya a sarari, kuma liman ya tambayi waɗannan mutane kafin ya shafa fatiha, ko gidan wane ne. Ga jaridarku kuma, ina roƙon ku tura wakili ya zauna da alƙalan kotunan shari'a da malaman da ake kai wa sulhu a Zariya da Kaduna da Kano, ba tare da an ambaci sunan kowa ba, a tambaye su irin ƙorafin da matan manyan gidaje suke kawowa a asirce, da shekarun da sukan yi kafin su iya buɗe baki.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.